Yadda Za Ka Nuna Horon Kurtu da Zaman Jiran Soja a Fim Ɗinka

Duk marubuci ko daraktan da ya zauna a ofishinsa na Titin Gidan Zu da niyyar shirya fim ɗin soja, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne ƙarar bindiga da tashin bam da jarumi yana ratsa wuta. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cin kuɗi, shi ne kuma wanda masana'antarmu ba ta da kayan yinsa yadda zai gamsar da idon da ya saba da fina-finan Amurka da na Indiya. Alhali mafi yawan rayuwar soja ba a cikin musayar wuta take ba. Mutum yakan shafe watanni yana koyon tsayuwa da maci da kwance bindiga da harhaɗa ta, sannan a tura shi wani sansani ya sake shafe wasu watannin yana gadi da sintiri da jiran umarni, faɗan kuwa idan ya zo, sau da yawa bai wuce 'yan mintoci ba. A ganina nan ne mai shirya fim na Kano yake da babbar dama, domin horo da jira ba sa neman jirgin yaƙi ko tanka, abin da suke nema shi ne rubutu mai kyau da 'yan wasa masu natsuwa da sanin haƙiƙanin al'amari, kuma fina-finanmu tun asali a kan zance da zumunci da lamuran gida suka ginu.

Ka saurara kafin ka ɗauki biro

Kano ba ta rasa mutanen da suka san aikin soja da jikinsu. Barikin Bukavu ya samo sunansa ne daga wani gari na ƙasar Kwango, inda sojojin Nijeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964, kuma tun daga wancan zamani ba a daina tura sojojinmu wurare masu nisa ba: Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, Saliyo bayan haka, yankin Darfur na Sudan, sai kuma Arewa maso Gabas, inda aikin da aka sa wa suna Lafiya Dole a 2015 ya koma Haɗin Kai a 2021. Da wuya ka sami unguwar da babu tsohon soja a cikinta, kuma ƙungiyar 'yan mazan jiya hanya ce mai kyau ta isa gare su. Waɗanda suka yi ritaya za ka nema, domin wanda yake bakin aiki ba shi da ikon yi maka bayani sai da izinin manyansa, kuma bai dace ka jefa shi cikin matsala ba.

Ka je ta hannun wanda ya san dattijon, ka gaishe shi yadda ake gai da uba, kuma kada ka kuskura ka fara da tambayar ko ya taɓa kashe mutum. Tambaya ce mai ciwo, kuma amsarta ba za ta ƙare ka da komai ba a rubutu. Ka tambaye shi ƙarfe nawa ake tashinsu, me suke ci, daga ina ruwa yake zuwa, wa yake yi musu aski, ta yaya kuɗi yake isa gida, wata nawa ya taɓa yi bai ji muryar iyalinsa ba, kuma me suke yi tsakanin azahar da la'asar idan rana ta take kuma babu umarni. Idan ya yarda, ka nemi jin ta bakin uwargidansa ma, domin ita ce ta riƙe rabin labarin, ita ta san yadda ake renon yara a gidan da maigida yake raye amma ba a san ranar dawowarsa ba.

Horon kurtu

Abu na farko shi ne ka tsayar da wane irin soja kake ba da labarinsa, domin hanyoyin shiga aikin ba ɗaya ba ne. Ƙaramin soja yana fitowa ne daga makarantar horar da kurata, kamar Depo ta Zariya wadda aka kafa a 1924, inda horon yake ɗaukar kimanin wata shida. Hafsa kuwa, idan ta babban kwas ya shiga, yana fitowa ne daga Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna da aka kafa a 1964, inda mai shiga sojan ƙasa yake shekara biyar har da karatun digiri. Fim ɗin da ya nuna saurayi ya bar Fagge ya tafi Depo, bayan wata shida ya dawo da anini uku na kyaftin a kafaɗa, ya zubar da mutuncinsa a idon duk wanda ya taɓa zama a bariki.

Fim ɗin da kusan kowa yake kwaikwayo a wannan fanni, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne Full Metal Jacket na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1987. Kusan minti 45 na farkonsa duk a sansanin horar da sojojin kundumbala na Amurka da ke tsibirin Parris labarin yake gudana, kuma mutumin da ya fito a matsayin malamin horo, R. Lee Ermey, ya taɓa yin wannan aikin da gaske kafin ya shiga harkar fim. Ka kalle shi da takarda a hannu, amma ka kula da abin da za ka ɗauka. Masu kwaikwayo sukan ɗauki ihu da zagi kawai, su bar abin da ya ba fim ɗin ƙarfi, wato yadda ya buɗe da askin kurata ɗaya bayan ɗaya har suka zama kamar mutum guda, da yadda ake hukunta jama'a gaba ɗaya saboda kuskuren mutum ɗaya har abokansa suka juya masa baya. Ka kuma tuna cewa wancan ɓangaren ya ƙare ne da kurtu ya harbe malaminsa sannan ya harbe kansa, abin da ya dace da saƙon da daraktan yake son isarwa game da zamanin yaƙin Biyetnam, amma ba shi ne ƙarshen da horo ya saba yi ba. Idan ka mayar da sajen horo mugu zalla, ka rasa mutum mafi muhimmanci a labarinka. Saje nagari yana tsananta wa yaro ne domin ya san inda za a kai shi, kuma fitowa ɗaya da za ta nuna shi da dare yana duba ƙafar kurtun da takalmi ya ji wa ciwo, ba tare da ya sassauta murya ba, za ta fi ihu goma amfani.

Asalin horo maimaici ne. Kamar yadda almajiri yake bita har sai harshensa ya riƙa kawo aya tun kafin ya yi tunaninta, haka ake son hannun soja ya san bindigarsa cikin duhu da gajiya da tsoro. Hanyar nuna wannan a fim ita ce ka zaɓi aiki ɗaya ka dawo kansa sau uku. A makon farko jaruminka yana kwance bindiga, ƙarafa suna zubewa daga hannunsa, ana sa shi tsallen kwaɗo. A tsakiyar horo yana gamawa daidai da sauran amma yana haki. Kusa da ƙarshe yana yi ido rufe, yana kuma gyara wa na kusa da shi. Ka ajiye kyamara a wuri ɗaya duk sau ukun, domin mai kallo ya ga cewa yaron ne ya canza. Fina-finan Indiya sukan dunƙule wannan sauyi cikin waƙa guda, kamar yadda aka yi a Lakshya na 2004, inda saurayi mara alƙibla ya gudu daga kwalejin hafsoshi ta Dehradun sannan ya koma ya zama gwarzo. Na san wannan hanya za ta ja hankalin daraktanmu, tunda waƙa abokiyar tafiyarmu ce, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da ita don a tsallake makonni. Illarta ita ce mai kallo yakan ga sakamako bai ɗanɗani wahalar ba, don haka ko za ka sa waƙa, ka bar fitowa biyu ko uku da babu kiɗa, sai numfashi da ƙarar takalma da muryar mai ba da umarni.

Kada ka manta cewa ana ɗiban kurata daga kowace jiha. Ɗakin kwanan da kowa yake jin Hausar Kano ba ɗakin soja ba ne. Umarnin fareti da Turanci ake ba da shi, hirar dare kuma cakuɗe take da Turancin buroka da Hausa da sauran harsuna, kuma wannan tsohon abu ne, domin tun zamanin Turawa akwai wata gurɓatacciyar Hausa ta bariki da sojoji daga ƙabilu daban-daban suke fahimtar juna da ita. Ka ba jaruminka abokin gado daga Binuwai ko Kuros Riba. Ranar faretin yaye kurata kuma ka kawo mahaifiyarsa daga Kano cikin motar haya, ka bar ta tana bin sahu da ido tana neman ɗanta cikin ɗaruruwan samari masu aski iri ɗaya da rama iri ɗaya.

Zaman jira

Nan ne aikin ya fi wuya, domin ana son ka nuna mutanen da zama ya gundura ba tare da ka gundurar da mai kallo ba. Darakta mara ƙwarewa yakan ɗauka cewa idan ya bar kyamara a kan sojoji suna zaune shiru na minti biyar ya nuna gaskiya, alhali abin da ya yi kawai shi ne ya kori jama'a. Sirrin shi ne jiran soja ba hutu ba ne, zaman zullumi ne, mutum ba shi da abin yi amma ba shi da ikon sakin jiki.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Jarhead na Sam Mendes, wanda ya fito a 2005, aka gina shi a kan littafin da wani tsohon sojan kundumbala, Anthony Swofford, ya rubuta game da kansa. Iraƙi ta mamaye Kuwaiti ranar 2 ga Agusta 1990, aka jibge sojojin Amurka a hamadar Saudiyya suna jira, ba a fara ruwan bama-bamai ta sama ba sai 17 ga Janairu 1991, yaƙin ƙasa kuma da aka fara ranar 24 ga Fabrairu sa'o'i 100 kacal ya ɗauka. Jarumin fim ɗin gwanin harbi ne daga nesa, an horar da shi don harbi ɗaya tak mai kyau, amma har aka gama yaƙin bai harbi kowa ba, domin lokacin da ya sami wanda zai harba sai aka dakatar da shi aka kira jiragen sama. Abin koyi a nan shi ne yadda ake rubuta adadin kwanakin da suka yi a hamada a jikin hoto lokaci zuwa lokaci, da yadda kowace fitowa ta jira take ɓata wani abu a tsakaninsu: wannan ya fara zargin budurwarsa, wancan ya yi sakaci a bakin gadi an rage wa wani girma, har ta kai aboki ya auna abokinsa da bindiga. Wannan ita ce ƙa'idar da za ka riƙe. Duk fitowar da aka zauna ana jira, dole a tashi daga ita wani abu ya canza, ko amana ta ragu, ko wani sirri ya fito, ko haƙurin wani ya kusa ƙarewa.

Ka ba kowane soja a sansaninka abin da yake jira shi kaɗai, ban da babban jiran da ya haɗa su. Ɗaya matarsa tana da tsohon ciki a Kurna, kuma waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu da yake da hatsari. Ɗaya an sa masa rana, iyayen yarinya sun fara cewa ba za su ci gaba da jira ba. Ɗaya yana lissafin alawus ɗin da bai shigo ba da kuɗin makarantar ƙannensa. Dattijon cikinsu, saje mai igiya uku, saura masa wata kaɗan ya yi ritaya, kuma shi ya fi kowa tsoron fita sintiri ko da yake ba zai taɓa faɗa ba. Babban jiran kuma shi ne ranar da za a kawo waɗanda za su canje su, domin sojojinmu sun sha kokawa a kafafen watsa labarai kan daɗewa a fagen daga fiye da wa'adi. Jita-jitar cewa canji yana tafe mako mai zuwa, wadda take tashi ta mutu ta sake tashi, za ta iya riƙe fim gaba ɗaya.

Wucewar lokaci kuma a jikin abubuwa ake nuna shi. A fim ɗin Jamus mai suna Das Boot na 1981, wanda ya bi ma'aikatan wani jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku a 1941, mai kallo yana gane makonni sun shuɗe ne ta gemun da ya tsiro a fuskokin samari da burodin da ya yi funfuna ana yanke gefensa ana ci. Kai ma kana da irin waɗannan alamomi a hannu: kakin da rana ta koɗar, takalmin da aka ɗinke da waya, buhun garin kwaki da yake raguwa, leɓɓan da hunturu ya farfasa, ƙurar da take sa a goge bindiga safe da yamma. Kalandarmu ma tana taimakawa. Idan mai kallo ya ga an yi sahur da ruwa da busasshen burodi a cikin rami, daga baya ya ga an yi sallar layya babu rago, ya san fiye da wata biyu sun wuce ba tare da an gaya masa ba. Ka nuna Kirista yana tsaye da bindiga yana gadin masu sallah, ran Lahadi kuma su tsaya masa, amma ka nuna shi a matsayin abin yau da kullum, kada wani ya tsaya yana jawabi a kansa.

Akwai wani fim na Afirka da nake ganin ya wajaba duk mai wannan niyya ya nema, wato Camp de Thiaroye na 1988, wanda Ousmane Sembène na Senegal ya shirya tare da Thierno Faty Sow. Labarin sojojin Afirka ta Yamma ne da suka yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu, aka dawo da su aka ajiye a wani sansani kusa da Dakar suna jiran haƙƙinsu da sallama, suna jayayya kan abinci mara kyau da kuɗin da aka so a tauye musu, har sojojin Faransa suka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Kusan duk fim ɗin a cikin shingen waya ɗaya yake, babu fagen fama, amma zuciyar mai kallo ba ta kwanciya. Ya nuna cewa da fili ɗaya da 'yan rumfuna da mutane masu magana mai ma'ana za a iya yin fim ɗin soja mai nauyi, kuma wannan bai fi ƙarfin aljihun furodusan Kano ba.

Ka sa ƙararrawar ƙarya aƙalla sau ɗaya: motsi a cikin duhu, kowa ya faɗa rami, yatsu a kan kunamar bindiga, daga ƙarshe a tarar jaki ne ko makiyayin da ya ɓata hanya. Bayan irin wannan, mai kallo ba zai ƙara amincewa da shiru ba. Idan faɗan gaske ya zo, ka taƙaita shi, ka bar shi cikin ruɗani da ƙura, kada a ga abokan gaba sosai, kuma ka tuna cewa gidan harsashin AK-47 guda 30 yake ɗauka, ba a yin minti biyar ana harbi ba a canza ba.

'Yan wasa, kaki da izini

Tafiyar soja da zamansa ba sa samuwa ranar ɗaukar hoto. Kafin a ɗauki Platoon na 1986, an kai 'yan wasan dajin Filifin, wani tsohon kyaftin mai suna Dale Dye ya ba su horo na kwanaki cikin yunwa da rashin barci, kuma gajiyar da ake gani a fuskokinsu ta gaske ce. Ba sai ka kai nan ba, amma ka ɗauki tsohon saje ka biya shi, ka tara 'yan wasanka mako guda a wajen gari, wajejen Tiga ko duwatsun Rano, su kwana wuri ɗaya, su tashi da asuba, su koyi maci da riƙon bindiga. Shi ne kuma zai tsare maka ƙananan abubuwa: igiya ɗaya ta las kofur ce, biyu kofur, uku saje, anini biyu laftana, uku kyaftin, mikiya manjo, kuma hafsa ake sara wa, ba saje ba. Jarumin da ya ƙi yarda a aske masa suma da gemu bai dace da wannan fim ba, komai farin jininsa.

Rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula kan sanya kakinta, don haka ka rubuta wa sashen hulɗa da jama'a na rundunar tun kafin ka ɗinka ko riga ɗaya, ka haɗa da taƙaitaccen labarin. Fim ɗin '76 na Izu Ojukwu, wanda ya shafi yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinsa ranar 13 ga Fabrairu 1976, a barikin Mokola na Ibadan aka ɗauke shi da amincewar soja, wanda ya nuna ƙofar ba a rufe take ba ga mai haƙuri. Ka cika sharuɗɗan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ka kuma sanar da 'yan sanda da mai unguwa ko dagacin wurin da za ka yi aiki, domin a halin da ake ciki, ganin mutane da kaki da bindigogi a bayan gari, ko da na roba ne, yana iya tayar da hankalin ƙauye guda ko ya jawo abin da ba a so.

Wajen tace hoto, ka hana mai haɗa sauti cika fitowar jira da kiɗa. Iska, kukan tsuntsu, rediyon da yake kamawa yana saki da ƙarar cokali a kwanon ƙarfe sun ishe ka. Kafin ka saki fim ɗin, ka gayyaci tsofaffin sojojin da ka yi hira da su da iyalansu su kalla a keɓe, ka zauna a baya da takarda kana rubuta wuraren da suka girgiza kai da wuraren da suka yi tsit. Ka ware kuɗin kwana biyu na sake ɗauka tun a kasafin farko, domin gyaran da za su ba ka yawanci ƙanana ne, kamar hular da aka karkata ba daidai ba ko kalmar da soja ba zai faɗa wa na gaba da shi ba, kuma ana iya gyara su idan 'yan wasa ba su riga sun watse sun tara suma ba.